FARFELA: ABIN DA YA KAMATA MAI MOTA YA SANI KAFIN YA ƘARA WA MOTARSA TSAWO

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya tashi daga Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis da sassafe, zai ga motoci iri-iri suna wucewa, tun daga a-kori-kura da Kanta har zuwa manyan motoci masu bodin katako da tireloli. Ranar ce kasuwar Maigatari take ci, ita kuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewacin Nijeriya. Ana shigo da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Jamhuriyar Nijar, a loda su zuwa Kano da garuruwan Kudu. Da kaka kuma sai ga buhunan gero da wake da riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Ko da yake layin dogon da ya isa Nguru a 1930 ya ratsa ta Gagarawa, yau kusan duk wannan kaya a mota yake tafiya.

Da yawa daga cikin motocin nan ba haka suka fito daga kamfani ba. Wata an ƙara mata tsawon shasi don ta ɗauki shanu goma sha biyu maimakon takwas. Wata injinta ya mutu, an sa mata na wata mota dabam tare da giyarsa. Wata kuma an ƙara mata ganyen sifirin har bayanta ya ɗaga sama. Duk lokacin da aka yi ɗaya daga cikin waɗannan canje-canje, akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin mota wanda ba zai ƙara dacewa da wurinsa ba. Wannan ƙarfe shi ne farfela. Tun da babu kantin da yake sayar da farfelar motar da aka sake wa fasali, dole ne a je a haɗa wadda za ta yi daidai da ita. A nan ne masu motoci da yawa suke yin asara, wasu ma har da asarar rai.

Mece Ce Farfela?

Farfela wani dogon bututun ƙarfe ne da yake kwance a ƙarƙashin mota, daga bayan giya zuwa aksul na baya. Inji yana juya giya, giya ta juya farfela, farfela kuma ta juya tayoyin baya. In babu ita, ko inji yana ruri kamar zaki mota ba za ta motsa ba. Motocin farko da yawa da sarƙa suke tafiya kamar keke. Wani Bafaranshe mai suna Louis Renault yana cikin waɗanda suka fara amfani da farfela a motar da ya ƙera a 1898.

Farfela tana da sassa huɗu da ya kamata kowane direba ya sani:

1. Bututu. Shi ne gangar jikinta, kuma cikinsa fanko ne.

2. Kuros. Wani ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa mai ƙananan allurai a ciki. Akwai shi a kowane ƙarshe na farfela, yana zaune cikin wata gwafar ƙarfe mai kunne biyu. Aikinsa kamar na wuyan hannun mutum ne, yana barin farfela ta lanƙwasa alhali tana juyawa.

3. Wurin zamewa. Wani sashe ne mai haƙora da yake shiga cikin ɗan'uwansa kamar wuƙa cikin kube. Idan mota ta faɗa rami ko aka yi mata lodi, aksul yakan matsa gaba ko baya, sai wannan wuri ya shige ko ya fito, farfela ta rage tsawo ko ta ƙara.

4. Boris na tsakiya. Doguwar mota takan yi farfela gida biyu ko uku. Wannan boris, wanda yake zaune cikin roba, shi yake riƙe mahaɗarsu a jikin shasi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne saurin juyawar farfela. Ga misali. Tayar babbar mota mai lamba 9.00-20 idan ta juya sau ɗaya takan ci mita 3 da ɗan ɗori. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 1,000 a minti ɗaya, wato tayarta tana juyawa sau 300 da 'yan kai. In aksul ɗinta irin wanda sai farfela ta juya sau 6 kafin taya ta juya sau ɗaya ne, to farfela tana juyawa kusan sau 1,900 a minti, wato fiye da sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfe mai nauyi da yake irin wannan gudu, ƙaramin kuskure a jikinsa babba ne.

Awo Shi Ne Rabin Aiki

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kada a je wurin mai haɗa farfela sai an gama duk wani aiki na shasi, an ɗaure inji da giya a mazauninsu, an sa sifirin, an ɗora bodi. Wanda ya yi awo kafin a ɗora bodi zai ga awon ya canza bayan nauyin katako ya danne motar.

A ajiye mota a kan tayoyinta, a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Kada a auna tana kan jak, kada kuma a auna tayoyi suna nutse cikin yashi. A sa tef daga fuskar faifan da yake bayan giya zuwa fuskar faifan da yake gaban aksul. A auna sau biyu, ɗaya mota ba kaya, ɗaya kuma da irin lodin da aka saba yi mata. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi zai nuna wa mai aiki yawan filin da zai bari a wurin zamewa. Ya kamata wurin ya zauna a tsaka-tsaki, yana da damar shigewa yana da damar fitowa. In farfela ta yi tsawo, duk ramin da mota ta faɗa sai ta tokari giya har ta fasa gidanta ko ta kashe boris. In ta yi gajarta, haƙora kaɗan ne za su riƙe, wata rana su cinye ko su zare gaba ɗaya.

A rubuta awon a takarda da lambobi, kada a dogara da igiya ko kara ko kamun hannu. A kuma rubuta ko inci ne ko santimita, domin tef guda yana ɗauke da duka biyun. Inci 1 daidai yake da santimita 2.54, saboda haka wanda ya ce 60 bai faɗi ko menene ba, yana iya samun farfelar da ba ta kai rabin abin da yake nema ba. A cikin takardar a ƙara da irin motar, da irin giyar da aka sa, da girman taya. Abin da ya fi kyau shi ne a tafi da tsohuwar farfela da faifayen biyu, ko kuma a kawo mai aikin ya auna da hannunsa.

Wa Za A Ba Aikin?

Ba kowane mai walda ne yake iya haɗa farfela ba. Wanda ya ƙware wajen ƙofa da taga da amalanke gwani ne a fanninsa, amma ƙofa ba ta juyawa sau 30 a daƙiƙa. Wannan aiki yana buƙatar shagon da yake da injin sassaƙa ƙarfe, wanda ake ɗaure bututu a kai yana juyawa, a yanke bakinsa daidai, a kuma ga ko ya miƙe. Irin waɗannan shaguna sun fi yawa a manyan birane. Daga Gumel zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 120 ce, kuma kuɗin motar zuwa da dawowa bai kai kuɗin giya ɗaya da ta fashe ba.

Wata dabara da kanikawa suka sani ita ce, rage tsawon farfela ya fi ƙara mata tsawo sauƙi da aminci. Saboda haka kafin a ce a ƙera sabuwa, a duba kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, a nemi farfelar wata mota mai ƙarfi ɗaya da taka ko wadda ta fi ta, wadda ta ɗan fi awonka tsawo, bututunta ba lotsawa ba tsatsa. Sai a yanke ta a ƙarshe ɗaya, a mayar da gwafar. Ta haka bututun kamfani yana nan guda, walda ɗaya kawai aka taɓa.

Abubuwa Biyar Da Za A Tsaya A Kansu

Na farko, bututu. Kada a yarda a yanke farfela a tsakiya a jona wani guntu a ƙara mata tsawo. Tsakiya nan ne wurin da ya fi wahala idan tana gudu, nan ne kuma ɗinkin walda yake buɗewa. In za a ƙara tsawo, a cire tsohon bututun gaba ɗaya a sa sabo guda, walda ta tsaya a ƙarshe biyu inda gwafa take shiga. Haka kuma bututun ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ba ya wannan aiki. Ruwa aka yi shi ya ɗauka, ƙarfensa bai kai ba, kaurin jikinsa kuma ba ɗaya ba ne ta kowane gefe. Araha ba ta ado.

Na biyu, tsawo. Wanda ya riƙe guntun kara ya kaɗa shi, ba zai ga ya lanƙwasa ba. In dogon kara ne, sai tsakiyarsa ta riƙa lilo. Haka farfela take. Kowace farfela tana da iyakar gudun da in ta kai shi sai ta fara bulala a tsakiya har ta karye. Masana sun lissafta cewa in aka ninka tsawon bututu sau biyu, kaurinsa bai canza ba, wannan iyaka takan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa kamfanoni ba su cika barin gida ɗaya ya wuce kimanin ƙafa 6 ba. In shasi ya yi tsawon da ya wuce haka, a raba farfela gida biyu, a ƙera wa boris na tsakiya mazauni mai ƙarfi a jikin shasi.

Na uku, jerin kunnuwa. Wannan shi ne sirrin da ya fi ɓoyuwa. Kuros idan yana juyawa a lanƙwashe ba ya tafiya da gudu ɗaya. A kowane zagaye yakan ƙara sauri sau biyu, ya rage sau biyu. Kuros na ɗaya ƙarshen shi yake gyara wannan, lokacin da na gaba ya yi sauri shi sai ya rage. Kamar mata biyu ne suna lugude a turmi ɗaya, in taɓaryar wannan ta sauka ta waccan ta tashi. In suka saɓa, taɓare ne za su gwabzu. Don haka dole kunnuwan gwafar da ke wannan ƙarshe su kalli gefe ɗaya da kunnuwan gwafar da ke wancan ƙarshe. Mai mota yana iya duba wannan da idonsa: a kwantar da farfela a kan daɓe, in kunnuwan gaba suna tsaye, na baya ma su kasance a tsaye. Wasu motoci ƙalilan kamfani ya karkata nasu da gangan, shi ya sa ake duba yadda tsohuwar take kafin a yanka.

Na huɗu, lanƙwasa. Kuros yana son 'yar lanƙwasa kaɗan don alluransa su riƙa motsi giris yana zagayawa, amma ba ya son mai yawa. Masu ƙera shi suna ba da shawarar kada ta wuce digiri 3 ga mota mai doguwar tafiya, kuma lanƙwasar gaba da ta baya su zo kusan ɗaya. Wanda ya ƙara ganyen sifirin har mota ta yi tsayi, ko ya ɗaure sabon inji hancinsa a sama, ya ƙara wannan lanƙwasa ke nan. Alamarta ita ce kuros ya riƙa mutuwa kowane 'yan watanni ko da sabo ne. Maganinta a gyara zaman giya, ko a sa 'yar tsinin ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, ko a sauke mazaunin boris na tsakiya.

Na biyar, miƙewa da daidaita nauyi, wato balansin. Zafin walda yana jan ƙarfe gefe ɗaya. Bayan an gama walda sai a mayar da farfela kan inji a juya ta, a ɗora agogon awo a jikinta. Karkatar bai kamata ta kai rabin milimita ba, wato kimanin kaurin farcen hannu. Bayan nan sai balansin. Duk macen da ta taɓa kaɗi ta san mazarin da gefensa ɗaya ya fi nauyi ba ya tsayawa wuri ɗaya, rawa yake yi har zare ya tsinke. 'Yan guntayen ƙarfen da ake gani manne a jikin farfelar kamfani don wannan aka sa su, kada a ɓamɓare su. Ƙarfin girgiza kuwa ba a hankali yake ƙaruwa ba. In gudu ya ninka sau biyu, girgiza takan ninka sau huɗu. Shi ya sa motar da take lafiya lau a cikin garin Gumel, da ta hau babban titi sai sitiyari da madubi su kama rawa.

Kafin A Biya Kuɗi

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A yi yarjejeniya tun farko cewa ba za a cika kuɗi ba sai an ɗaura an gwada, a kuma rubuta ta a gaban shaida. A ɗaure faifaye da kusoshinsu na asali masu tauri, ba kowace kusa da aka tsinta a gareji ba. A dura giris a kowane kuros har sai sabon giris ya ɓullo ta huluna huɗu duka. A fita da mota ba kaya, a ƙara gudu a hankali ana sauraro. A tsaya a taɓa hulunan kuros da boris na tsakiya. Ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya zama a kai akwai matsala. Sannan a sake gwadawa da lodi. Bayan tafiyar farko a sake bin kusoshi a ƙara ɗaure su.

Alamun Farfela Mai Ciwo

Farfela ba ta cika yankewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. In ana jin "ƙwas" lokacin tashi ko lokacin sakin totur, kuros ya yi sako-sako. In ana jin tsuwa kamar ta ɓera a ƙaramin gudu, kuros ya bushe. In girgiza tana ƙaruwa da gudu tana shigowa ta kujera, a duba balansin da kunnuwa. In aka ga jar ƙura kamar garin tsatsa a bakin hula, alluran sun riga sun cinye. A ƙasa mai yashi irin ta Gumel, ƙura tana shiga giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, don haka a riƙa goge bakin wurin durawa kafin a dura, a kuma yawaita durawa da rani da bayan an ratsa ruwa da damina.

Hatsarin ba ƙarami ba ne. In kuros na baya ya yanke, farfela takan riƙa dukan ƙarƙashin mota, tana iya fasa tankin mai ko ta tsinke bututun birki. In na gaba ne ya yanke abin ya fi muni, domin kan farfela yakan soki ƙasa mota tana gudu, ya ɗaga bayanta ko ya kifar da ita, da shanu da masu rakiyarsu a sama. Akwai rigakafi mai araha: a sa mai walda ya lanƙwasa ƙarfe mai kauri ya zagaye farfela kusa da kanta na gaba ba tare da ya taɓa ta ba, a ɗaure shi a shasi. In ta yanke, shi zai tare ta kada ta kai ƙasa.

Hattara Ga Kanikawa Da Yaran Mota

Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin mota don kwance farfela sai an kashe inji, an cire makulli, an sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Da zarar an kwance farfela, giya ba ta riƙe mota kuma. Wasu motoci ma, kamar Kanta da yawa, birkinsu na hannu a bayan giya yake, farfela yake kamawa. In an cire ta, ko an ja birkin hannu mota tana iya gangarawa kan wanda yake ƙarƙashi. Kafin a kwance a yi alama da fenti a kan faifaye da wurin zamewa don a mayar da kowane yadda yake. Kuma kada mai babbar riga ko rawani ya matso kusa da farfela inji yana aiki.

Tsawo Ba Ya Ƙara Ƙarfi

A ƙarshe, ya kamata mai mota ya tuna cewa ƙarin tsawon shasi fili kawai ya ƙara. Aksul da birki da taya suna nan da ƙarfinsu na da, kuma nauyin da kamfani ya ƙayyade wa motar yana rubuce a farantin da ke jikinta. Farfela mafi kyau ba za ta ceci motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba. Bayan an sake wa mota fasali, musamman in an canza inji, a kai ta ofishin masu binciken motoci, wato VIO, su duba lafiyarta a gyara takardunta. Hakan zai raba direba da rigima da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, zai kuma taimaka wajen inshora in tsautsayi ya faɗa.

Motar da ta kwana a daji ranar Laraba ta rasa kasuwar Maigatari ta wannan mako, mai dabbobi ya yi asara, direba da yaransa sun koma gida hannu rabbana. Kwana biyu da za a ɓata wajen awo da neman gwani sun fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a sauka lafiya.